Mota Biyu Zuwa Sabuwar Makaranta

"To mu yi ciniki, Direba."

Direba ya kashe injin bas ɗinsa ya leƙo ta taga. Ranar ce aka rufe ƙaramar sakandare, ya gama sauke yara, Auta ma ta ruga cikin gida da sakamakonta. Yayarta ce tsaye a kwanar layi, inda ta saba jiransa safe da yamma shekara uku, sanye da farar rigarta ta kantin magani.

"Ciniki da ke, ranki ya daɗe? Ai an cuce ni tun ba a taya ba."

"Ka bar wasa. Ka ce in aure ka in bi ka garinku..."

"Na ce. Yau ma ina maimaitawa."

"Ni kuma na ce maka ba zan iya barin Auta ba. Babbar sakandaren da ta samu tana can ƙarshen gari, mota biyu ake shiga, ba su da bas ɗin ɗalibai. Yarinyar da ko kasuwa ba ta taɓa zuwa ita kaɗai ba! Baba ido ya yi rauni, Goggo gwiwa ta zaunar da ita. Girki da wanki Goggo za ta iya, hanya fa?"

"Hanya ai sana'ata ce."

"Shi ne cinikin. Ga dogon hutu nan, ka koya mata. Ranar da ta je ta dawo ita kaɗai, ka zo ka ga Baba."

"In ta kasa fa?"

Ta sunkuyar da kai tana murza maɓallin rigarta.

"In ta kasa... ka tafi ka kula da Inna. Kada ka waiwayo."

Direba ya buga sitiyari da tafin hannu. "Na saya!"

Bai san abin da ya saya ba, bawan Allah.

Tafiyar tasa ba ta ganin dama ba ce. Mahaifiyarsa, Inna, ta faɗi ta karye a ƙugu, kuma shi kaɗai ta haifa. Ya riga ya samu tuƙin motar wani kamfani a can kusa da ita, ana komawa makaranta zai miƙa makullin bas ya kama hanya. Ita kuma Yaya, tun da mahaifiyarsu ta rasu Auta na rarrafe, ta zama uwa ba ta shirya ba. Manema sun zo, sun gaji, sun watse. Direba ne kaɗai ya lallaɓo ta taga, da gaisuwar minti ɗaya kullum, har ya shige zuciyarta ba ta ankara ba.

Darasi ya fara da sanyin safiya. Ya ajiye bas ɗinsa, ya sa Auta a gaba suka nufi tasha kamar kowa.

"Kuɗin mota a hannu, ba a jaka ba. Kada ki buɗe jaka a cikin mutane."

"To, Kawu."

"Ki zauna kusa da ƙofa, ko gefen wata babbar mace. Kwandasta ya yi miki wasa, ki dubi titi. Ya ƙara, ki ɗaga murya ki ce, Malam, lafiya? Kunya za ta gama da shi."

"Malam, lafiya?"

"Wannan ai gaisuwa ce! Da ƙarfi!"

"Malam, lafiya!"

Rabin motar suka juyo. Wani tsoho ya ce, "Lafiya lau, 'yar nan," aka kwashe da dariya.

Ya hana ta dogara da allon talla, don ana sauya shi dare ɗaya. Ya nuna mata abin da ba ya tashi: tankin ruwa, shataletalen da za ta sauka ta sake mota, gada, sai shagon mai faci da ke kallon ƙofar makarantar. Yarinyar kanta na ja. Kafin mako ya zagayo ita ke taɓa shi tana cewa, "Kawu, nan za mu sauka."

Da yamma ya kan biya kantin magani ya kai rahoto. Yaya na bayan kanta tana lissafa abin da ya rage: sabon yunifom, takalmi, taron iyaye da za ta je a madadin Baba, da rigimar ko ajin kimiyya za a sa Auta.

"Ɗalibata ta kusa karɓar lasisi," ya ce. "Ki fara haɗa kaya, sanyin idona."

"Mutane na ji!"

"Su ji mana. Ni maganin ciwon zuciya na zo saya, an ce sai a hannunki."

Ta jefe shi da murfin biro, amma ya ga murmushin da ta ɓoye. Ya fita yana jin kamar titin duka nasa ne.

Sai aka zo gwaji. Auta ta fita ita kaɗai da tsohuwar wayar Goggo a aljihu. Hantsi ya yi, wayar Direba ta yi ƙara.

"Kawu... na ɓata!"

Ya same ta a gindin gada tana share hawaye. Ya ce ba komai, farko ne. Aka sake, ta ɓata a shataletale. Aka ƙara sakewa, ta ce motar wata unguwa ta shiga. Hutu na ƙarewa, fuskar Yaya na ƙara rasa walwala.

Wanda ya daɗe yana ɗaukar yara ya san bambancin yaron da ya manta da yaron da ya ƙi. Abin da ya tsaya wa Direba a rai shi ne, duk inda Auta ta ɓata wuri ne mai jama'a da inuwa, irin wanda shi da kansa ya ce ta tsaya in ta rikice. Ɓatan nata ya cika tsari.

Ranar gwajin ƙarshe ya riga ta fita. Ya je shagon mai faci, ya zauna kan tsohuwar taya a bayan wata babbar mota.

Ba a jima ba sai ga ta. Ta sauko tsaf, ta karɓi canjinta ta ƙirga, ta duba dama da hagu ta tsallaka. Ta je har ƙofar makarantar ta dafa ƙarfen, tana leƙen dogayen azuzuwan da babu kowa. Ta daɗe a haka. Sannan ta dawo ta zauna a inuwar katanga, ta ciro burodinta ta cinye, ta karkaɗe siket, ta ɗauko waya.

Wayar ta yi ƙara a aljihunsa. Ya taso yana tafe tana ƙara, har ya tsaya a kanta.

Wayar ta suɓuce mata.

"Ina kika ɓata yau?" ya ce a hankali.

Ta ɗago ta dube shi. Sai kuka, wannan karon na gaske, mai tafe da shessheƙa da majina. Ya tsuguna a gabanta.

"Wa ya gaya miki?"

"Na ji ku... ranar da aka ba da hutu. Na dawo ɗaukar jakata."

"Shi ne kika mai da ni mahaukaci, ina zagaye gari?"

"Kawu, ka dubi wurin nan!" Ta nuna ginin. "Ban san kowa ba. Ƙawayena duk wata makarantar aka kai su. An ce manyan aji suna sa mutum ya durƙusa a rana. In na dawo gida wa zan gaya wa? Baba zai ce in yi haƙuri, Goggo barci take yi tun magariba. Yaya ce ke gane an taɓa ni tun kafin in cire takalmi..."

"Akwai waya."

"Waya ba ta ganin fuska."

Ya tuna Inna kwance a ɗaki, tana ce masa ta waya lafiyarta ƙalau, alhali maƙwabta ne ke juya ta.

"Za ka gaya mata?" Auta ta riƙe hannun rigarsa. "Wallahi ina sonka, Kawu. Da a nan za ku zauna, ni zan fara murna. Don Allah..."

Magana ɗaya ta ishe shi. In ya ce ta je, ta iya, ga mai faci shaida, ya ci ciniki. Yaya ba ta saɓa alkawari, ya sani. Za ta bi shi, ta zauna a ɗakinsa, kullum ƙarfe biyu na rana, lokacin tashin makaranta, ta kama duban ƙofa.

"Tashi," ya ce. "Goge fuskarki. Ki kai mu gida, ni na manta hanya."

Yaya na tsaye a kwanar layi, ta baro kanti tun kafin lokaci. Auta ta wuce ta da sauri ta shige gida.

"Yaya aka yi?"

Ya dubi tayar wata mota da ke wucewa. "Ta ɓata."

"A ina?"

"Can... wajen gada."

"Direba, dube ni."

Ya ɗago.

"Ni na goya ta," ta ce. "Na san kukanta na yunwa, na san na ƙarya. Tun ɓatan farko na gane. Na yi shiru ne ina jira in ga ko kai za ka tona, don ni ba zan iya zaɓa ba. Na so ka tona, wallahi na so! Kuma na ji tsoron ka tona..."

"Hanya ta iya ta fi ni. Abin da ya rage ba a koyar da shi a cikin mota."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Shekara uku ce, masoyina. Ba zan ce ka jira ba. Inna na buƙatar mace a gidan yanzu, ba sai an yaye ɗalibai ba."

"Kin ce kada in waiwayo."

"Na ce."

"To ki sani, direba ba ya waiwaye. Madubi gare shi."

Ta yi dariya cikin kuka, ta rufe fuska da mayafi.

Ranar da aka koma makaranta Auta ta fito cikin sabon yunifom, kuɗin mota a hannu. Ta je, ta dawo, ko kwanar titi ɗaya ba ta kuskure ba. Da yamma ta zauna tana ba Yaya labarin wata 'yar babban aji mai mugun baki, Yaya na tsefe mata kai tana saurare.

Sai dai kullum da safe, bayan Auta ta wuce tasha, Yaya ta kan ƙara ɗan tsayawa a kwanar layi. Bas ɗin ƙaramar sakandare na zuwa a kan lokacinsa, da sabon direba mai hon kamar kukan akuya. Ba ta da yaron da za ta saka a ciki. Ta kan tsaya har ya juya, sannan ta tafi kanti. Wata safiya Auta ta manta littafi ta dawo, ta hango ta a haka. Ta ɗauki littafinta ta koma tasha. A ranar dai Auta ta wuce shataletale ba ta sauka ba, ɓata na gaskiya, kuma babu wanda za ta kira.

In aka zo rabon riba, Inna ta samu ɗanta a gefen gado, kamfani ya samu direban da ba ya haɗari, Auta ta samu yayarta da hanyar da ta iya tun makon farko. Su biyun da suka ƙulla cinikin su ne suka tashi hannu wayam. Shi yana can yana tuƙi da ido ɗaya a madubi, ita tana nan a kwanar layi. Har yau babu wanda ya ce an fasa, babu kuma wanda ya ce an sallama.