Mai Riƙon Aikin Asabar

Ranar da Juwairiyya ta kama aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Birnin Gwari, ta tarar ma'aikata suna gardamar ƙwallon jiya. Mutum ɗaya ne ya miƙe ya nuna mata ɗakin magani, wato Abdulfattah, wanda bai san sunan ɗan wasa ko guda ba. Saboda haka ba a sa shi a hira, ba a kiransa cin abinci. Ita kuwa natsuwarsa ce ta shiga ranta.

Da magabatansa suka je neman aurenta, mahaifinta Malam Abarshi ya bi abin da ya gada: ba a ba da 'ya sai an tambayi abokan aikin mai nema. Sadiq, jagoran masu gardamar, wanda shi ma yake sonta, ya ce, "Baba, tsakani da Allah, ba ya shiga mutane. Ba mu san shi ba."

Malam Abarshi ya ce, "Wanda abokan zamansa ba su sani ba, ba zan ba shi 'yata ba."

Abdulfattah ya tura mata saƙo: "Sanyin idona, ko in koyi ƙwallon nan ne? Zan haddace sunayensu kamar karatun jarrabawa."

Ta amsa: "A'a, Yayana. Ka zauna yadda na gan ka."

Ranar Asabar da la'asar ta roƙi mahaifinta ya zo asibitin a auna masa jini. Ya tarar babu kowa sai Abdulfattah a durƙushe, yana wanke ƙafar wani manomi daga ƙauyen Gayam da fartanya ta sare.

Ya tambayi Shekari mai gadi, "Ina sauran?"

"Suna gidan kallo, Baba. Duk Asabar shi ke riƙe musu aiki. Ta ina za su san shi? Idan yana nan, su ba sa nan."

Malam Abarshi ya daɗe yana kallon hannuwan saurayin. Daga bisani ya ce, "Mahaifina ya ce a tambaya, amma bai hana a zo a gani ba. Yaro, ka sake turo magabatanka."

An ɗaura auren a wata Asabar, ranar babban wasan ƙwallo. Sadiq ne da bakinsa ya ce shi zai riƙe aiki.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, amin.