Kofin Da Umma Ta Fasa

Tas!

Ƙarar ce ta fito da Auta daga ɗaki a guje, ɗankwali a hannu. Ta tarar da Umma tsaye gaban famfo tana haki, ga gutsattsarin tangaran warwatse a ƙasa.

"Umma! Kofinsa ne fa..."

"Shi ya sa na fasa! Ɗauko tsintsiya, kuma kar ki taɓa da hannu."

Farin kofi ne mai shuɗin baki. Tun da Tela ya fara zuwa zance, a cikinsa Auta ke kai masa ruwa. Jiya ne gwajin aurensu ya fito. Ita lafiya lau, shi kuwa an samu ƙwayar cutar hanta a jininsa, wadda ake kira nau'in B. Kafin su iso gida, ɗan Gwaggo mai sayar da waya, da ya daɗe yana son Auta tana ƙinsa, ya riga ya kai wa Umma labari, har da ƙarin gishiri.

"An ce ko zufarsa ta taɓa mutum, shi ke nan," in ji Umma.

"Yaushe mai sayar da waya ya zama likita? Umma, likita da bakinta ta ce ba a ɗauka a kofi, ba a ɗauka a zufa ko gaisuwa. Ta jini ne, ko reza, ko wajen haihuwa, ko..." Ta sunkuyar da kai. "Ko auratayya. Kuma akwai allurar riga-kafi. In na yi guda uku..."

"Ko ɗari za ki yi! Ya kawo min gwajin da ya ce babu, in ba shi ke. In ba haka ba, ya nemi wata."

Washegari Auta ta sami Tela a shago, ƙafarsa kan keken ɗinki amma ba ya takawa. Rigar aurenta na rataye a bango, hannu ɗaya an ɗinka, ɗaya na jira.

"Autar mata..."

"Rigata fa?"

"Gobe."

"Goben tela!" Ta yi dariya, sai ga hawaye. Ta ɗaga mayafi ta nuna masa damtsenta. "Ta farko ke nan. Saura biyu, nan da 'yan watanni. Kai kuma ka riƙe ƙwayar maganin da likita ta ba ka."

"Likita ta ce danne cutar take yi, ba korar ta ba. Gwajin ba zai ce babu ba, Auta. Umma kuwa babu take so."

"Umma tawa ce, ni zan ji da ita. Kai dai kar ka fasa sha, masoyina. Ka yi alkawari?"

"Na yi."

Allah sarki. Akwai abin da Auta ba ta sani ba. An gwada Innarsa, ita ma tana ɗauke da cutar, wataƙila tun kafin ta haife shi. Tun ranar baiwar Allah ba ta ƙara cin abinci ya zauna mata ba.

"Ni na ba ka, ni zan cire maka," in ji ta.

Ta je tasha wajen mai maganin nan na lasifika, ta dawo da jarka cike da jiƙo baƙi wuluk. Ya ce mata yana wanke hanta fes, amma da sharaɗi: ba a haɗa shi da maganin asibiti.

Tela ya dubi jarka, ya dubi idon mahaifiyarsa, ya tuna maganar Umma. Ya tura ƙwayarsa ƙarƙashin tarin yadi.

Ranar da Auta ta karɓi allura ta uku, da murnarta ta nufi shago. Ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabcinsa ya ce tun safe aka ɗauke shi ranga-ranga zuwa asibiti.

Ba ta san yadda ta je gida ba, ba ta san yadda Umma ta yafa mayafi ta biyo ta ba.

Yana kwance, idanunsa sun yi rawaya, cikinsa ya kumbura. Inna na rakuɓe a gefe tana kuka marar sauti. Likita ta yi magana a hankali, ta ce da ya bar shan maganin asibiti, cutar ta taso da ƙarfinta, jiƙon kuma ya ƙarasa abin da ya rage na hantar.

"Ka yi min alkawari..." in ji Auta.

"Alkawarin tela ne, Autar mata." Ya yi ƙoƙarin murmushi. "So na yi in kawo wa Umma abin da ta ce."

Umma ta dafa bango.

"Ruwa..." ya ce.

Auta ta zuba a kofin roba, ta tallafi kansa ya kurɓa kaɗan. Sai ta juyo, ta dubi mahaifiyarta ido cikin ido, ta kai ragowar bakinta.

Umma ta riƙe hannunta. Auta ta zaci ƙwacewa za ta yi ta zubar. Sai ta ga ta kai kofin nata bakin, ta shanye, hawaye na gangarowa ciki.

"Ka yafe min, ɗana. Ka tashi, na ba ka ita."

"Na gode, Umma." Ya lumshe ido. "Auta... rigarki... gobe."

Bai kai goben ba.

Bayan an share makoki, Inna ta kawo rigar a leda. Umma ta ce a kai wa wani tela ya ƙarasa.

Auta ta girgiza kai, ta rungume ta a ƙirji.

"A bar ta haka, Umma. Mai ita ya ce gobe."