Ranar da Tulika Ta Ce wa Surukinta "Kai"

"A gaban jama'a! A bakin kogi, kai ba lulluɓi!"

Ma Kunjalata ta dire tukunyar shinkafa da ƙarfi har murfin ya yi tsalle. Ɗanta Utpal yana zaune a tabarma, ya tasa kwanon kifi mai tsami a gaba, ya kasa kai ko loma ɗaya baki.

"Ma, kuskure ne..."

"Rufe mini baki! Shekara arba'in da shida ina gidan nan, ban taɓa jin wani mahaluki ya ce wa mahaifinka 'kai' ba. Sai matarka! Wai darakta!"

Matarsa Tulika tana jin su daga bayan ƙyaure, hawaye na bin kumatunta. Ni da na san Tulika tun tana yawo ba takalmi a garinmu Dolabari, zan iya rantsuwa ba ta san raini ba. Zuciyar aiki ce da ita. Shekara bakwai ta yi a Mumbai tana jan wayoyi da ɗaukar fitilu a bayan masu shirya fim, ana aikenta sayen shayi, ita kuwa tana satar ilimi da ido. Da ta dawo, kyamara ɗaya ta zo da ita. Ita ce mai rubuta labari, ita ce mai ɗauka, ita ce mai haɗa hotuna a laftof, 'yan wasanta kuwa mu ne mutanen gari. Utpal, malamin makarantarmu, ya gan ta tsulundum cikin taɓo har gwiwa tana ɗaukar hoton masu shuka shinkafa, tun daga ranar bai ƙara samun sukuni ba sai da aka ɗaura musu aure.

Fim ɗinta na biyu a kan surukinta ne, Deuta Golap, wato Baba Golap, tsohon matuƙin kwalekwale, wanda shi kaɗai ya rage da tsoffin waƙoƙin tseren jirgi a ka. To a ranar, rana ta kusa faɗuwa, hasken da ta yi kwana tara tana jira ya sauka a kan kogin Brahmaputra, tsoho ya ɗauko waƙa tiryan-tiryan. Ana tsaka da haka sai ya juyo ya washe wa kyamara baki. Tulika ta manta a ina take.

"Kot! A tsaya! Kai, koma baya! Ka daina kallona, ka sake!"

Mu nan, "kai" na yara ne da abokan wasa. Ko yayan miji ba a ce masa haka, balle uban miji. Ga mayafinta ya zame ba ta sani ba. Matan da ke wanki suka saki baki, kafin tsoho ya ɗaure jirginsa labari ya riga shi isa gida.

Ma ta yanke hukunci a take: "Ko kyamarar ta bar gidan nan, ko mai kyamarar ta bi ta. Ka zaɓa!"

Da Utpal ya shigo ɗaki, ya tarar Tulika tana ninke kayanta.

"Me kike yi haka?"

"Ba zan raba ka da mahaifiyarka ba. Ni na yi laifi."

"To ki ajiye kyamarar mana, ko na shekara ɗaya, Tuli. Filis."

Ta ɗago jajayen idanu. "Deuta shekararsa saba'in da takwas. Kana jin tarin da yake yi da safe? Waƙoƙin nan ba a rubuce suke ba, Utpal. In na jira shekara, wa zan ɗauka?"

Ya karɓe zanin da ke hannunta ya mayar cikin akwatin adaka, ya ce da sanyin murya, "In kika fita, ni ma ba zama zan yi ba. Ki ba ni kwana biyu."

Washegari da hantsi Tulika ta jera goron tamul da ganyensa a faifan tagulla, kamar yadda muke yi in za a nemi gafara, ta ja lulluɓi har goshi, ta durƙusa gaban surukanta, goshinta a ƙasa.

"Deuta, Ma, na yi kuskure. Bakina ya riga hankalina. Ku yafe mini."

Tsoho ya miƙa hannu zai ɗauki goro, Ma ta harare shi, ya janye. Sai Utpal ya durƙusa kusa da matarsa.

"Ma, bakinta ne ya yi laifi, kyamara ba ta ce komai ba. Daga yau in ana aiki ba za ta ƙara yi wa Deuta magana ba. Ni za ta gaya wa a kunne, ni in isar."

"Kai? Malamin makaranta guda, ka koma ɗan aiken matarka?"

"Na yarda, Ma."

Ma ta dubi ɗanta, takaici ya cika ta. Daga ƙarshe ta ɗauki goro ɗaya da yatsu biyu. "In na ƙara jin muryarta a bakin kogi, ko tari ne, ta tattara. Kuma ni kada a kuskura a nuna ni da wannan abu."

Haka aka koma aiki, kuma mun sha kallo! Tulika za ta manna ido a kyamara, ta cije leɓe, ta raɗa wa mijinta: "Ya ɓata komai! Yana ta gyara gashin baki kamar ango!"

Utpal zai gyara murya: "Deuta, an ce kun yi kyau ƙwarai, a ɗan ƙara ɗaya saboda albarka."

"Ka ce ya daina wannan murmushin, jirgi yake tuƙi, ba biki ya zo ba!"

"Deuta, an ce ko za ku ɗan huta da fara'a?"

Samarin gari suka sa wa Utpal suna Lasifika. In ya wuce shagon shayi sai ka ji, "Malam Lasifika, yau me madam ta ce?" Abin yana yi masa ciwo, na sani, amma bai taɓa kai wa Tulika ƙorafi ba. A gida kuwa Ma ta daina cin girkinta, ta daina kiran ta buwari, wato matar ɗa, sai dai "waccan". Tulika ba ta fasa share tsakar gida da asuba ba, ba ta fasa kai wa tsohuwa shayi ba, ko da za a bar shi ya huce a inda ta ajiye. Damina biyu ana haka. Sau ɗaya ambaliya ta shigo gari, muka ga Tulika da ruwa har ƙirji, ta ɗora kyamara a ka cikin tukunyar dafa abinci.

Wata rana a tsakiyar kogi, su uku a jirgi, tsoho ya ajiye filafili ya dubi ɗansa.

"Kai Utpal, tsufa na yi, ban kurumce ba. Duk abin da take raɗawa ina ji. Wai kamar ango!" Ya ƙyalƙyale da dariya har tari ya sarƙe shi. Tulika ta rufe fuska don kunya. "Buwari, lokacin da nake riƙe da akalar jirgin tsere, kawuna ma na daka masa tsawa, don aiki ne. Ni ban taɓa riƙe ki a zuciya ba. Nan ba mai jin mu, yi mini magana da bakinki."

Ta girgiza kai, ta raɗa wa mijinta. Utpal ya ce, "Ta ce ta yi wa Ma alkawari, kuma alkawarin bai tsaya a bakin ruwa ba."

Tsoho ya gyaɗa kai, sannan ya ce a kunna kyamara, yau zai yi hira.

Deuta bai ga ƙarshen fim ɗin ba. Sanyin shekarar ya tafi da shi. Bayan an gama zaman makoki, wata rana da rana tsaka, Tulika ta sami Ma a baranda cikin fararen kayan takaba, ta durƙusa da laftof a hannu.

"Ma, akwai wani wuri da ba ni da ikon sa shi a fim sai da izininku. In kun ce a cire, yanzu zan goge."

Ma ta kau da kai, amma ba ta tashi ba. Tulika ta kunna. Ga Deuta a jirgi, iska na kaɗa farin gashinsa, ga muryar Utpal tana tambaya: "Deuta, an ce wa kuke rera wa waƙar nan ta ƙarshe?"

Tsoho ya sunkuyar da kai kamar saurayi. "Akwai wata yarinya da ke tsayawa a gaɓa ranar tsere, da jan zani. Don ta ji nake ɗaga murya. Har yau ita nake yi wa." Ya yi ɗan murmushi. "Kunja."

Mazan zamaninsu ba sa kiran sunan matansu. "Ke" ne, ko "uwar Utpal". Ma ta dafe ƙirji.

"Sake kunnawa," ta ce.

Aka sake. Sau huɗu ana sakewa, sannan ta fashe da kuka mai cin rai, ta jawo Tulika jikinta.

"Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, buwari! Da na yi nasarar korar ki, da na mutu ban ji ba. Ki yafe mini, 'yata!"

"Ma, ku daina, ni ce mai laifi..."

"Kada ki cire ko harafi! Kowa ya ji!" Ta share hawaye da gefen mayafi, ta ɗaga murya. "Utpal! Zo nan. An sallame ka daga aiki, matarka tana da baki."

Fim ɗin ya je Guwahati, ya je Delhi, ya tsallaka teku, ya dawo da lambar yabo. A kowane taro Tulika takan ce mutum biyu ne suka yi shi, ɗaya ya ba da ido, ɗaya ya ba da murya.

'Yan mata masu buri, ku duba. Tulika ba ta jefar da baiwarta don a so ta ba, ba ta kuma taka manya don ta kai inda take so ba. Ta amsa laifinta, ta riƙe alkawari har inda ba mai ganin ta, mijinta ya shanye gori saboda ita. Iyaye kuma a yi hattara da hukuncin fushi, don Ma Kunjalata da kanta ta kusa korar wadda za ta jiyar da ita kalmar da ta jira shekara arba'in da takwas.