Kifayen Da-in a Bakin Kogi

"Ni kifaye nake so a dawo min da su, Sufeto. Tun ɗazu yaranki sai ɗaukar hoto suke yi, sai ka ce gidan biki."

Farfesa Yeom ke nan, shugaban ɗakin gwaje-gwajen, yake ta faɗa tun daga matakala. Sufeto Bang Mi-ran ta ƙyale shi ya yi ta yi. Mace ce da ta raini 'ya'ya uku, ta san in mutum ya fara irin wannan, barinsa ake yi ya sauke.

Da ya sauke ya yi bayani. Kifaye ne 'yan mitsi-mitsi, ba su kai ɗan yatsa ba, an sauya musu halitta don a gano wani ciwon zuciya da ake haihuwar jarirai da shi. Ɗalibarsa Seol Da-in ce ta yi shekaru tana kiwonsu, gobe kuma za ta kashe su ta duba zukatansu. A kansu digirin digirgir ɗinta yake. In suka salwanta, sai dai ta koma farko. Ga shi ba sa jure sanyi, doka kuma ta hana a fitar da su waje.

Sufeto ta shiga ɗakin kifin. Akwatunan ruwa jere har sama, ba a taɓa ko ɗaya ba sai na Da-in. Su kuwa an wanke su tas, an kife a kan tsumma. Ta ɗauki ɗaya ta sunsuna. Sabulun wanke-wanke.

Farfesa ya ce ko ɗalibin da ya zo jiya ya san sabulu guba ne ga kifi. Sufeto ta ce to ai shi ke nan, ɓarawon nan ba ɗan boko ba ne, kuma ba ya iya barin kwano da datti.

Mai gadin ƙofar ginin ya rantse bai ga baƙuwar fuska ba. Sai da ta zare masa ido ta tambaye shi wadda ba baƙuwa ba fa, sannan ya sosa ƙeya. Akwai wata dattijuwa da ke kawo wa 'yarta miya kullum da safe a babbar kula, har shi tana zuba masa. Yau ma ta zo. Ta shiga da kular a hannu ɗaya, ta fito da ita a rungume.

A bayan ɗakin kifin Sufeto ta sami Da-in zaune, fuska duk ta kumbura.

"Ina katinki na buɗe ƙofa?"

"Ya ɓata, ranki ya daɗe."

"Yaushe?"

"Jiya. A'a, shekaranjiya."

Daidai nan kofur ɗin Sufeto ya shigo da kofi. Ƙamshin na bugun Da-in ta kau da kai, ta dafe ciki. Sufeto ta kori kofur, ta tura ƙofa, ta ja kujera ta matso.

"Wata nawa?"

Allah sarki, sai hawaye. Ta ce uku, kuma Farfesa bai sani ba, tsoro take ya ce ta ajiye aikin. Mahaifiyarta ce kaɗai ta sani, ita take riƙe da katin saboda kawo miya. Tun da ta ji labarin gobe ta hana kanta barci, wai mai ciki ko kaza ba ta yankawa, balle rayuka tuli.

Sufeto ta miƙe tsaye. Ita ma da asuba ta ci shinkafar bikin cikar watan farko na shekara kafin ta fito, ta san abin da matan haikali suke yi a wannan rana: zuwa kogi suke su saki kifi don neman lada. Ta tambayi sunan haikalin da mahaifiyar ke zuwa, ta ce wa Da-in ta ɗauko rigar sanyi.

Bakin kogin cike yake da mata, kowa da bokiti, malamin haikali yana ta karatu yana buga ƙwaryarsa ta katako. Gefen ruwan duk ƙanƙara. Can nesa da jama'a wata 'yar dattijuwa ta durƙusa, ta cire rigar sanyinta ta naɗe kula da ita, tana jan carbi tana karkarwa.

"Maman Da-in?"

Matar ta ce miya ce a ciki.

"Miyar ce kika lulluɓe, ke kina shan sanyi? Buɗe mu gani, Mama."

Ta buɗe. Ga su nan suna ta yawo, ruwan har yanzu da ɗuminsa.

Ba ta yi gardama ba. Ta ce ita ce, ita kaɗai, yarinyar ba ta sani ba. Ta zo da niyyar juye su, ta fara tsoma hannu a kogin, sanyin ya ratsa ta har ƙashi. Ta ga in ta zuba su ita ce ta kashe su, in ta mayar 'yarta ce za ta kashe su da jikanta a ciki. Shi ne ta zauna ta rasa inda za ta nufa.

Da-in ta durƙusa ta rungume kular, ta ce, "Umma, don jarirai nake yi fa."

"Na sani. Ni ma don jariri nake yi."

Sufeto ta ce wa kofur ya kunna ɗumin mota ya kai Da-in da kifayen jami'a da sauri. Ta cire tata rigar ta yafa wa tsohuwar, ta ce sai sun je caji ofis, sata ce kuma dole a rubuta. Ankwa kam ba ta fito da ita ba, hannunta ta kama kamar za ta tsallakar da ita titi.

Sun yi 'yan taku tsohuwar ta tsaya, ta waiwaya. Da-in na bakin mota da kular a ƙirji.

"Da-in, 'yar nan. Goben, ki bar min guda ɗaya da rai. Ni zan riƙe shi a gida, ba zan kai shi ko'ina ba. Guda ɗaya tak, kin ji?"