Fim Ɗin da Auta Ta Yi wa Baba

Auta tana goge wa Baba baki da ɗan tawul aka yi sallama. Yayar Ticha ce, wadda kowa ke ce wa Anti, ta faɗo falon ko takalmi ba ta cire ba, waya a hannu.

Ticha malamin firamare ne, shi Auta za ta aura da zarar ta gama jami'a. Harhaɗa magunguna take karanta, amma ta ɗauki sadarwa da aikin jarida a matsayin darasi na biyu, don tun tana ƙarama take son rediyo. A wannan zangon aka ce kowane ɗalibi ya haɗa gajeren fim a kan wani nasa, ita kuwa ta zaɓi Baba. Dillalin motoci ne a da, mutumin da bakinsa ke ciyar da gida, har shanyewar ɓarin jiki ta ɗaure masa harshe. Da ta nemi izininsa, da ƙarfi ya gyaɗa kai. Ta ɗauke shi a bidiyo yana koyon furta "ruwa" kamar jinjiri, yana kasawa yana sakewa. Lakcara ya yaba, ya sa fim ɗin a shafin intanet na sashensu, daga nan ya bazu a wayoyi.

"Inna, kin ga aikin 'yarki?" in ji Anti ga mahaifiyar Auta. "Ta tallata ubanta yana dalalar da miyau saboda maki! Wadda ta yi wa gidansu haka, mu me za ta bar mana?"

Ta ƙara da cewa Umma, mahaifiyar Ticha, ta ce a dakata da maganar aure, ta kuma hana shi taka gidan. Inna ta fashe da kuka. Auta dai ta ninke tawul ɗin ta ajiye, ta raka Anti bakin ƙofa, har da ce mata ta gaida gida.

Da yamma saƙon Ticha ya shigo: "Ba zan saɓa wa Umma ba, ke ma ba zan bar ki ba. Ki ba ni lokaci." Ta karanta ta kife wayar. Ta nemi hawaye ta rasa, ta nemi fushi babu. Ta ci gaba da zuwa lakca, tana rubutu ba ta san me take rubutawa ba. Abinci duk ɗaya yake a bakinta. Ƙawarta ta ce ta zama kamar rediyon da batir ya ƙare wa, Auta ta yi dariya don ta ga ana dariya.

Wata safiya ta gaya wa Inna za ta ajiye darasin, ta roƙi a goge fim ɗin. Baba ya buga hannun kujera da hannunsa mai lafiya. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin ya ce, "A'a... bar... shi." Ta bar shi, ba don ta ji wani ƙarfi ba, sai don shi ya faɗa.

Zango ya kusa ƙarewa ta dawo daga makaranta ta tarar da keken marasa lafiya a ƙofar falo. A ciki wani dattijo ramamme yana zaune kusa da Baba, bakinsa a karkace irin na Baban, suna ta haɗa kalmomi suna dariya. Ticha yana tsugune a gefensu, Umma kuwa tana kan tabarma kanta a sunkuye.

Ashe dattijon yayan Umma ne. Shekara da shekaru yana kwance a ɗakin baya an sakaya shi da labule, saboda kunyar idon mutane. Ko Auta ba ta san da shi ba. Ticha bai yi musu da mahaifiyarsa ba. Kullum dai in ya kai wa kawun nasa abinci sai ya kunna masa fim ɗin. A hankali kawu ya fara bin Baba yana gwada furuci, har ran da Umma ta shiga ya dube ta ya ce, "Ƙanwata."

"'Yata," Umma ta ce wa Auta, "na ce kin tona wa ubanki asiri. Ashe mu ne muka binne namu da rai. Ki yafe mini."

"Babu komai, Umma," Auta ta ce, ta wuce kicin ɗora shayi. Ta ɗora ruwan ta soma jera kofuna. Ticha ya tsaya a bakin ƙofa ya ce a hankali, "Na daɗe, ko?" Sai a lokacin kukan ya zo mata, ta durƙusa tana yi har ruwan ya tafasa.

Bayan ta kammala karatu aka yi aurensu. Da Ticha ya yi wa mahaifiyarsa tsaurin ido, ko Auta ta rama da baƙar magana, da an rabu har abada. Haƙurinsu ne ya ba gaskiya lokacin da za ta fito da kanta, kuma gida biyu suka gane cewa ciwo ba abin kunya ba ne.