Duwatsun Garejin Kabo

Ranar Laraba ce, hadari ya haɗu bai zubar ba. Isyaku yana alwalar magariba a tsakar gida sai dutse ya faɗo kusa da butarsa. Ya ɗauka. Sassaƙaƙƙe ne, gefe guda baƙi ƙirin da tsohon man inji. Ya san shi. Da irinsa mahaifinsa Kabo ya gina gareji a Daura tun motoci ba su da yawa, mai ƙofar baka wadda babbar mota ke shiga da kayanta, da ramin gyara a tsakiya. Tun da ciwon gwiwa ya zaunar da Isyaku, makullin garejin yana hannun ƙanensa Sada.

Kwana uku duwatsu suna faɗowa, kullum da faɗuwar rana. A na huɗu 'yarsa Ikilima ta bar tuwo a wuta, ta zauna a ƙasa tana magana da muryar tsoho.

Aka kira Malam Harisu mai ruƙiyya. Sada ma ya zo, ya tsaya daga bakin zaure. Malam ya daɗe yana karatu kafin ya ce, "Wane ne kai?"

"Aljani, mazaunin ramin Kabo. Da ya haƙa, a nan ya tarar da mu. Ya ce ba za a cike shi ba muddin ginin yana tsaye. Shekara sittin mota ba ta taɓa danne makanike a ramin nan ba."

"Me yarinya ta yi maka?"

"Ba komai. Ubanta ne ba ya ji. Na aiko masa bangon baya dutse-dutse, bai je ya duba ba. Ku tambayi mai makulli wa ya kawo tifar ƙasa ya juye a ramin."

Isyaku ya juya. Sada ya sunkuyar da kai.

"Yaya, shaguna zan yi. Tsohon gini ne kawai."

"Kowace Juma'a kana zuwa kana ce mini ka share shi," in ji Isyaku.

Malam ya ce wa aljanin, "Ba ka da hakki a jikinta. Fita."

"A kwashe ƙasar, in fita."

"Zan kwashe," in ji Isyaku. "Ba don kai ba. Maganar ubana ce."

Ikilima ta yi atishawa, ta nemi ruwa.

Washegari Isyaku ya loda duwatsun a baro, ya ɗora shebur da guduma a kai. Sada ya durƙusa a ƙofa ya gaishe shi. Isyaku ya wuce shi. Ya tura baron yana ɗingishi har gareji, ya fasa kwaɗon ƙofar da guduma.