Kafin a Ɗaura Bawul ɗin Silin

Ina saman tsani a ɗakin da za a kawo ni wata mai zuwa, kaina dab da ramin silin, na ji muryar Yaya kamar a kunnena take.

"Ni dai na faɗa maka, yarinyar nan ba matar gida ba ce."

Saura kaɗan tef ɗin awo ya suɓuce min.

Babu kowa a ɗakin sai ni. Yaya da ƙaninta, wanda zan aura, suna can kicin a ƙarshen gidan. Amma bututun iskar da muka shimfiɗa a cikin silin ya haɗa ɗakunan, kuma ban ɗaura bawul, wato murfin ramin iska, ko ɗaya a bakinsa ba tukuna. Bututu a buɗe kuwa gulma yake kaiwa, ko kalma ɗaya ba ya zubarwa a hanya.

Aikina ke nan, a shagon Babanmu na koya. Ranar na zo da kwali cike da samfura don mu zaɓa: na ƙarfe, na roba, masu shigo da iska, masu zuƙe ta waje.

"Mace kullum a kan tsani, hannu duk ƙura..." in ji Yaya. "Ga ƙanwar mijina nan, nutsattsiya, ka ce uffan kawai in gama maganar."

Ba ƙanwar mijin nata nake tsoro ba, shirun ƙanin nata nake tsoro. Malam Shiru nake kiransa, don mutum ne da sai ka yi masa magana goma ya ba ka "to" ɗaya. Yaya ce ta raine shi, ban taɓa jin ya musa mata ba. Na riga na gaya wa zuciyata, in yau ma "to" ya ce, zan sauko in kwashe kwalina in tafi, ko da zan yi ta kuka a hanya.

Na riƙe tsanin gam.

"Yaya," ya ce a hankali, "kin san tarin da nake yi tun ina yaro?"

"Ni za ka tambaya?"

"Ranar da na fara zuwa shagonsu, ban gaya mata ba. Ji ta yi na yi tari, ta ce ɗakina ba ya numfashi. Ita ta zana inda iska za ta shigo da inda za ta fita a gidan nan, ta kawar da ramin daga saitin gado don kada sanyi ya dinga sauka a ƙirjina."

"Wannan ai aikinta ne."

"Aikinta ne. Ni kuma ita nake so. Ko ta kwana a kan tsani, ni zan riƙe mata shi. Ki yi haƙuri, Yaya, wannan karon ba zan ce to ba."

Ban san ina hawaye ba sai da ƙurar silin ta manne min a kumatu. Daɗi ya cika ni har ya yi min yawa, sai atishawa ta ƙwace min, a bakin ramin kuwa.

"Innalillahi! Wane ne a silin?" Yaya ta zabura.

Tunda asiri ya tonu, na kai bakina ramin.

"Ni ce, Yaya... ina wuni?"

Da na shiga kicin na dire kwalin ina sunkuyar da kai, Yaya ta kalle ni, ta kalli ramin da ke saman kansu, ta kalli ƙanin nata. Shi kuwa wai bango yake dubawa.

"Kai ka ja ni nan ka tsayar," ta ce. "Ka san tana ji?"

"Makon jiya ta gaya min bututun na kai magana," ya ce. "A gabanta bakina ba ya buɗuwa, Yaya. Na ga gara in bi ta silin."

Yaya ta so ta haɗe rai, dariya ta ci ƙarfinta. Ta ja kwalin da ƙafa.

"To, 'yar tsani, wanne ake sa wa a kicin?"

Na miƙa mata na ƙarfe mai zuƙe hayaƙi, na nuna mata yadda ake murza faifan tsakiyar a cire a wanke maiƙo. Na ce na roba na banɗaki ne, don ba ya tsatsa. Ta juya shi a hannu ta ce ashe abin da hankali, sannan ta ce nata kicin ɗin ma hayaƙi na damunta, in leƙo ranar da na samu sarari. A wurin Yaya, wannan sa albarka ne.

Da ta fita, ya ɗauko wani mai soso a ciki.

"Injiniyata, wannan fa?"

"Na ɗakin kwana. Soson yana rage ƙara, magana ba za ta ƙara bi ta bututu ba."

Ya ɗago ya kalle ni. "To ni ta ina zan dinga faɗa miki?"

Na karɓe bawul ɗin daga hannunsa, na koma ɗakin yana biye da ni, na hau tsani.

"Riƙe min, masoyi. Daga yau a fuskata za ka koya."